Mahogani, alda, baswud ko ash: wane katako ya dace da jitar rok mai nauyi?

Duk wanda ya tashi sayen jitar lantarki don kiɗan rok mai nauyi ko metal, ba zai kwana biyu yana tambaya ba sai wani ya ce masa, "Nemi ta mahogani, ita ce mai kaurin murya." Wani ya ce a'a, alda ce ke fitar da kowace tsirkiya dalla-dalla. Na uku ya ja tsaki ya ce duk ɓata baki ake yi, katako ba ya bin waya. Na daɗe a cikin wannan musun, kuma abin da na tsaya a kai shi ne katako yana da nasa rabon a cikin sauti, amma rabon ƙarami ne, kuma yana ƙara ƙanƙancewa gwargwadon yadda ka murɗa distoshan, wato dagula sautin da ake yi da gangan don ya yi gurnani. Inda katako ya fi nuna kansa shi ne a kafaɗarka, da tafin hannunka, da yadda jitar ke amsa maka a farkon bugu. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai rungumi jita shekara da shekaru, shi ya sa zaɓin ya cancanci a zauna a kansa.

Sai an san ta inda sautin ke bi kafin a raba gardama. Fikof, wato ɗan akwatin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa, sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar, shi ne ke tafiya zuwa amfilifaya. Katako ba ya jan maganaɗisu, don haka fikof tsirkiya yake ji. A nan masu cewa katako ba ya bin waya suna da gaskiya. Sai dai tsirkiyar ba a iska take rataye ba. Ƙarshenta ɗaya yana kan jakin jita, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai, wanda ke kafe a gangar jiki, ɗayan kuma yana kan wuya. Duk lokacin da ta kaɗa, wani ɓangare na ƙarfinta yana zurarewa ta waɗannan wurare biyu ya shiga katako. Abin da katako ke yi ke nan: yana ɗiba. Wani katakon ya fi ɗibar kaifin sama, wani ya fi shanye wani yanki na tsakiya, wani kuma ƙanƙani yake ɗiba ya bar tsirkiya ta yi ta amo. Saboda haka jitar da ta fi ƙara ba tare da an jona ta ba, wadda mutane ke yabo da cewa tana da rai, a haƙiƙa ita ce ke miƙa ƙarfin tsirkiya ga katako da sauri. Hakan yana da daɗi a jiki, amma ba shi ne tabbacin dogon amo ba.

Masu binciken kimiyyar sauti, irin su Manfred Zollner na Regensburg a Jamus, wanda ya shafe shekaru yana awon jitar lantarki, sun nuna cewa gangar jiki mai kauri ba ta cika motsi a ƙarƙashin jaki ba, kuma wuya ya fi ta shan ƙarfin tsirkiya domin shi siriri ne, dogo, mai lanƙwasa. Wannan za ka iya gani da kanka. Na taɓa riƙe wata jitar mahogani mai kyau wadda duk muryoyinta ke jan amo, sai guda ɗaya a tsirkiya ta uku, wajen firet na goma sha biyu, wato na goma sha biyu a cikin siraran ƙarafan da ke jere a kan wuya. Da ka buga ta sai ta mutu kamar an toshe mata baki. Na dafa kan jitar a jikin ƙofa, na danna kaɗan, na sake bugawa, sai ga muryar ta miƙe zar. Ban taɓa gangar jikin ba, wuyan kawai na hana rawa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni katakon jiki, sai na fara tambayarsa yaya wuyan yake.

Ga kuma distoshan. Amfilifayar da aka ƙure tana yanke kan sauti, ta matse shi, ta ƙara masa nata muryoyin. Bugu mai ƙarfi da mai rauni su dawo kusan daidai, amon da ya kusa mutuwa a ɗago shi. Ƙananan bambance-bambancen da kunne ke kamawa a tsaftataccen sauti da yawansu suna nutsewa a nan. Idan na jera abubuwan da ke tsara sautin metal, sifika da inda aka ajiye makirufo a gabanta ne a kan gaba, sai amfilifaya, sai fikof da tazararsa da jaki, sai kaurin tsirkiya da tsawonta, sai hannun makaɗi wanda ke ratsa su duka. Katakon jiki yana bayan waɗannan. A 2022 wani makaɗi a Nashville ya ɗaure tsirkiyoyi tsakanin teburan aiki biyu, babu gangar jiki ko kaɗan, ya sa fikof a tazarar da ta dace, kuma abin da ya fito ya yi kama da sautin jitar Telecaster ta kamfanin Fender ƙwarai. Tun a 1969 ma Ampeg ta fitar da jitar Dan Armstrong mai jikin roba garai-garai, kuma an yi rok mai zafi da ita. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai zuba duk kuɗinsa a katako ya koma gida ya jona a ƙaramar sifika ba.

To, mahogani. Shi ne sarkin wannan fage a bakin mutane, kuma tarihi ne ya naɗa shi. Masana'antar Gibson ta fitar da jitar Les Paul a 1952 da jikin mahogani da murfin mapul a sama, ta sa mata hambaka a 1957, wato fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙira don kashe gurnanin lantarki, sannan ta kawo SG a 1961, mahogani zalla. Da SG Tony Iommi na Black Sabbath ya kafa harsashin metal. Ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe a Birmingham, ya koma siraran tsirkiyoyi, kuma a albam ɗinsu na 1971 ya sassauta saitin tsirkiyoyin, wato ya saukar da muryarsu ƙasa, har zuwa muryar C# a wasu waƙoƙin. Angus Young ma SG ce a hannunsa, Slash da Zakk Wylde kuma Les Paul. Kunnenmu ya tashi da wannan sautin, mai cika, mai gurnani a ƙasan tsakiya, wanda kaifinsa ba ya soka, sai muka sa masa suna mahogani.

Amma a duba abin da ke tafe da mahoganin a waɗannan jitoci. Tsawon tsirkiyar Gibson inci 24.75 ne, na Fender kuwa 25.5, kuma gajeriyar tsirkiya ta fi sakwarkwacewa, ta fi taushin murya. Hambaka ya fi fikof mai naɗi ɗaya kauri da ƙarfi nesa ba kusa ba. Wuyan manne yake da gam, jakin kuma kafaffe ne. Idan aka cire rabon waɗannan, abin da ya rage wa katako bai kai yadda ake zato ba. Les Paul da SG duk mahogani ne, fikof iri ɗaya, tsawo ɗaya, amma duk wanda ya riƙe su ya san SG ta fi cizo da rashin nauyi a ƙasa, Les Paul ta fi cika da tsayuwa. Kaurin jikin SG kimanin milimita 35 ne, na Les Paul ya kai 50 ko fiye, kuma wuyan SG ya fi fitowa waje daga jiki. Ashe yawan katakon da yadda aka haɗa shi suna magana kamar yadda irinsa ke yi. Jimmy Page, wanda hotonsa da Les Paul ya cika duniya, da Telecaster ya yi yawancin albam ɗin farko na Led Zeppelin a 1969, kuma mutane da dama sun yi shekaru suna jin sa a matsayin sautin Gibson.

Duk da haka ba zan hana mahogani haƙƙinsa ba. A hannuna, jitar mahogani mai kauri tana da wani irin jinkiri mai daɗi a farkon bugu: muryar ba ta fashewa tas, kumbura take yi. Idan ka buga kod mai tsirkiya biyu ko uku ka bar shi yana amo, sai ka ji ya cika ɗaki dam. Ga rok irin na shekarun 1970, da salon dum, da na stona, da duk kiɗan da ke tafiya a hankali kamar giwa, wannan shi ake nema. Matsalar tana fitowa idan ka sassauta saiti ƙwarai kuma kana gudu. Tsirkiya mafi kauri a saitin da aka saba tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa. Ka saukar da ita zuwa D ta koma 73, zuwa B ta koma kusan 62. A can ƙasa, idan ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu kana sara da sauri, kana son kowane bugu ya fito cak, ya tsaya cak. Jita mai gajeriyar tsirkiya da fikof mai kauri da jiki mai cika takan mayar da cak-cak ɗin nan ya zama buf-buf, bugu ya hau kan bugu, rif, wato ɗan guntun kiɗan da ake maimaitawa, ya caɓe. Maganin sananne ne: a sa feda, wato ɗan akwatin sauti da ake takawa da ƙafa, irin Tube Screamer a gaban amfilifaya ta rage ƙasa kafin distoshan, a ƙara kaurin tsirkiya, ko a sa fikof mai batir irin EMG 81. Da irin wannan haɗin James Hetfield na ƙungiyar Metallica ke sara rif mafi tsauri a kan jitocin mahogani, ba wanda ya ce ya caɓe.

Akwai kuma abin da kalmar mahogani ke ɓoyewa. Na asali, wanda tsofaffin Gibson suka yi amfani da shi, daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka yake, kuma tun 2003 yarjejeniyar CITES, wadda ke tsare dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ido a kan cinikinsa. Da yawan jitocin yau da mahoganin Afirka ake yin su, dangin maɗaci, wanda katako ne mai kyau a karan kansa. A jitoci masu araha kuma za ka ga an rubuta nato, ko nyato, ko meranti, ko okume, itatuwa daban-daban masu kama da mahogani a ido. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, na ji masu daɗi a cikinsu. Abin da nake so mai saye ya gane shi ne kalma ɗaya a takardar bayani tana iya nufin itatuwa shida daga nahiyoyi uku.

Murfin mapul da ke kan Les Paul da yawancin jitocin kamfanin PRS ya cancanci kalma biyu. Mapul katako ne mai tauri da nauyi. Gungumen da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk mita ɗaya-ɗaya ne yakan kai kilo 700, na mahogani kimanin 590, na alda 450, na baswud kuma 415 ko kusa da haka. Idan murfin mai kauri ne, kuma ƙafafun jaki a cikinsa suke kafe, yana ƙara wa farkon bugu tsauri, ya ɗan fito da kaifi. Wannan haɗin, mahogani a ƙasa mapul a sama, shi ne mafi aminci ga wanda ke son kauri amma yana tsoron caɓewa. Sai dai a bambanta murfi da fallen ado. Jitoci da yawa masu zanen harshen wuta a fuska, fallen mapul ne siriri kamar kwali aka manna don kyau, ba ruwansa da sauti. Farashin haɗin na gaskiya kuwa kafaɗa ce ke biya: Les Paul takan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, wasu na shekarun 1970 sun haura 5, har Gibson ta fara huda ramuka a cikin mahoganin a farkon shekarun 1980 don rage nauyi. SG kuwa wajen kilo 3 take, amma tana da nata halin: ka sake ta, kan jitar ya sunkuya ƙasa, hannun hagu ya koma aikin tallafe wuya maimakon kiɗa.

Alda da baswud sai a haɗa su a faifai ɗaya, domin a irin jita ɗaya ake samun su, wato masu siffar Stratocaster ta Fender da aka sa wa hambaka da siririn wuya don gudu. Fender ta koma alda a 1956 bayan ta fara da ash. Katako ne mai matsakaicin nauyi, mai saukin fenti, kuma gungume da gungume ba su cika bambanta ba, wanda babbar fa'ida ce ga mai sayen jitar da bai taɓa riƙewa ba. Sautinsa a kunnena a daidaice yake, ƙasan a ɗaure, da ɗan turo kai a saman tsakiya, daidai wurin da jita ke ratsa ganguna da bes ta iso kunne. Shi ya sa ya karɓi salon tirash da duk metal mai gudu. Jitocin Jackson da Charvel da yawa alda ne, haka jitar ESP ta Kirk Hammett na Metallica, kuma Dave Murray na Iron Maiden ya yi rayuwarsa da Stratocaster mai hambaka. A lura da Metallica: Hetfield na riƙe da mahogani, Hammett alda, dukansu da EMG, kuma abin da ke raba su a kunne hannu ne da aikin da kowa ke yi a waƙa.

Baswud kuwa an zalunce shi. Saboda yana da araha kuma ana samun sa a jitocin masu koyo, sai aka ɗauka katakon talauci ne. Amma jitocin Ibanez RG da JEM ta Steve Vai, da suka fito a 1987, baswud ne. Jitocin Joe Satriani da yawa haka. Universe mai tsirkiya bakwai ta 1990, wadda 'yan ƙungiyar Korn suka ɗauka suka sauke kiɗan rok zuwa wani sabon zurfi, ita ma baswud ce. Katako ne mara nauyi, mai laushi, wanda ba shi da wani zane a jiki, shi ya sa kusan kullum a rufe yake da fenti. Yana ɗan shanye can ƙasa da can sama ya bar tsakiya, kuma wannan alheri ne a distoshan mai yawa, domin abin da ke caɓa sauti can ƙasa yake, abin da ke sa shi tsiwa kamar ƙudan zuma kuma can sama. Ga mai solo, muryar takan fito sumul. Wasu na cewa ba shi da hali nasa na kansa, ni kuma ina ganin ya bar fikof ya yi magana.

Inda baswud ke da rauni na gaske shi ne jiki. Farce ma yana iya yi masa tabo. Ka buge shi da bakin tebur, ya lotsa. Sukurorin maɗaurin ɗamara sukan yi sako-sako da shekaru, kuma idan jitar tana da jaki mai lilo irin Floyd Rose, ƙusoshi biyun da jakin ke jingina a kansu suna iya karkata gaba a hankali saboda jan tsirkiya, saiti ya daina zama. Jitoci masu inganci suna magance wannan da dogayen gidajen ƙusa. Idan ta hannu za ka saya, ka duba wajen nan da kyau: ko fenti ya tsage a gaban ƙusoshin, ko sun daina tsayawa a miƙe. Tsakanin alda da baswud, wanda ke yawon wasa yana loda kaya a mota kullum, alda ta fi masa juriya. Wanda bayansa ke ciwo, ko yake tsayuwar awa uku, baswud. A sauti kuwa, idan fikof da amfilifaya ɗaya ne kuma distoshan ya yi yawa, ban yarda akwai kunnuwa da yawa da za su raba su ido a rufe ba.

Eddie Van Halen ya bi ta duka hanyoyin nan, kuma tafiyarsa tana da darasi. Jitar da ya haɗa da hannunsa, wadda ta canza kiɗan rok a ƙarshen shekarun 1970, jikinta ash ne da aka ware a matsayin mai aibi saboda gaɓa a katakon, ya sa mata wuyan mapul da tsohon hambakan Gibson guda ɗaya. Da ya zo tsara jita mai sunansa a shekarun 1990, sai ya zaɓi baswud da murfin mapul. Wannan haɗin na biyu ina ganin ba a ba shi girman da ya kamata ba: rashin nauyin baswud da tsakiyarsa, ga tsaurin mapul a ƙarƙashin jaki, wanda kuma ke rufe matsalar laushin nan.

Ash iri biyu ne, kuma wanda bai bambanta su ba zai sha mamaki. Na fadama yana fitowa daga kudancin ƙasar Amurka, daga gindin itatuwan da ke tsaye cikin ruwan ambaliya, kuma ba shi da nauyi. Na arewa kuwa mai tauri ne, ya kusa kamo mapul a nauyi, shi ne ya sa wasu Fender na shekarun 1970 ke karya kafaɗa. Abin da aka san ash da shi shi ne farkon bugu mai fashewa, ƙasa a ɗaure tamau, sama a buɗe, tsakiya kuma ta ɗan ja baya. Masu metal na zamani da ke kiɗa da tsirkiya bakwai ko takwas sun rungume shi saboda haka. Tsirkiya ta takwas tana kaɗawa sau 46 kawai a daƙiƙa, ta shiga gonar bes, kuma a can duk abin da zai ƙara tsauri abin so ne. Amma a nan ma a ba tsawo haƙƙinsa: jitocin ƙungiyar Meshuggah masu tsirkiya takwas sun haura inci 29, kuma wannan tsawon ya fi kowane katako aiki wajen hana tsirkiyar yin lilo kamar igiyar shanya. Aibin ash biyu ne. Idan ka haɗa shi da fikof mai kaifi da sifika mai kaifi, sautin yakan soki kunne. Sannan gungume da gungume suna bambanta sosai, jita biyu masu suna ɗaya sai ka tarar tazarar nauyinsu ta kai kilo guda. Ga shi kuma yana wahalar samu: wani ƙwaro daga Asiya da aka gano a Michigan a 2002 ya kashe itatuwan ash bila adadin, ambaliya ta hana sara a yankin Mississippi, har Fender ta sanar a 2020 cewa za ta janye shi daga yawancin jitocinta.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Korina, katakon yammacin Afirka da Gibson ta yi Flying V da Explorer na 1958 da shi, ɗan uwan mahogani ne a hali, da ɗan ƙarin haske, kuma yawancin darajarsa ta tarihi ce. Fofla tana kusa da alda, launinta ne mai ratsin kore ya sa ake rufe ta da fenti, kuma ba dalilin gudun ta. Jikin mapul zalla yana da dogon amo da kaifi, amma nauyinsa ya sa ba a cika yin sa ba.

Akwai yanayin da tambayar katakon jiki ke kusan faɗuwa gaba ɗaya, wato jitar da wuyanta ya ratsa jiki daga kai har gindi, irin Jackson Soloist da B.C. Rich da yawa. A nan jaki da fikof duk a kan katakon wuya suke zaune, galibi mapul, abin da aka rubuta a matsayin katakon jiki kuwa fukafukai biyu ne da aka manna a gefe. Wanda ya sayi irin wannan don an ce masa alda ce ko mahogani ce, mapul ya saya.

Idan ka zo mini yau ka ce in zaɓa maka, tambayata ta farko ita ce a wane saiti kake kiɗa, kuma da wane gudu. Mai kiɗa a saitin da aka saba ko ƙasa da shi kaɗan, mai son kod ya yi amo ya cika wuri, ya nufi mahogani, da murfin mapul idan kafaɗarsa za ta ɗauka, ko siffar SG idan yana son cizo da sauƙi. Mai sara da gudu, wanda rayuwarsa ke kan danne tsirkiya da tafin hannu, ya nufi alda da tsawon inci 25.5. Mai solo da jaki mai lilo, baswud ba zai ba shi kunya ba. Mai sauka ƙasa da B ya fara neman tsawon inci 26.5 ko 27 tukuna, sannan ya duba ash ko alda. Wanda kuma jita ɗaya tak zai mallaka, yana yin rok yau, metal gobe, tsaftataccen kiɗa jibi, ni alda mai hambaka biyu zan miƙa masa, domin ta fi sauƙin juyawa duk inda aka nufa: ƙara wa jita kauri da fikof da amfilifaya ya fi sauƙi a kan cire mata kaurin da ya yi yawa. Ni kaina zuciyata tana wajen mahogani, saboda wannan kumburin na farkon bugu da nake ji a cikina kafin ya iso kunnena, kuma na san rabin abin da nake ƙauna a ciki jikina ne ke jin sa, mai sauraro ba zai taɓa sani ba. Hakan bai rage masa daraja a wurina ba, domin abin da makaɗi ke ji yana canza yadda yake bugu, bugun kuma kowa na jin sa.

Ranar gwaji, ka tafi da ɗamararka ka rataya jitar ka tsaya da ita minti goma sha biyar, ka sake hannu ka ga ko kanta zai sunkuya. Kafin ka jona ta, ka bi wuyan murya bayan murya, musamman tsirkiya ta uku da ta huɗu daga firet na bakwai zuwa na goma sha huɗu, kana sauraron wadda za ta mutu da wuri. Sannan ka jona a amfilifaya irin taka, ka sa distoshan daidai yadda kake kiɗa, ka rage shi kaɗan, ka saukar da saitin zuwa inda kake zama, ka danne tsirkiya mai kauri ka sara rif ɗin da hannunka ya fi sani. Idan akwai jita biyu masu suna ɗaya da katako ɗaya a rataye, ka sa a sauko maka da duka biyun, domin itacen da aka yanka su daga jikinsa ba ɗaya ba ne.